Na Ingila ko na Amurka? Ga wanda zan ce ki ɗauka

Salama, 'yar'uwa. Tunda kuɗin littafi ɗaya ne a hannunki, kuma an ajiye miki labaran soyayya na Kirista guda biyu, duka na auren haɗi da tseren dawaki, ɗaya a Ingila ta da, ɗaya a kudancin ƙasar Amurka bayan yaƙin basasa, to ki ɗauki na Amurka. Ina da irin kowanne a gida.

Na Ingila ba zan ce ba shi da daɗi ba. Yawancinsu a tsakanin 1811 da 1820 ake ajiye labarin: manyan riguna, liyafar rawa, masu sarauta suna zuwa kallon sukuwa a Askot ko Efsom. Dalilin auren ma yana da tushe, domin a lokacin dukiyar mace takan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, gidan gado kuma sau da yawa namiji ne kawai ke gadonsa, shi ya sa uba mai 'ya'ya mata ba ya barci. Amma wariyar da ke ciki ta ɗan gidan wane da 'yar gidan wane ce, kuma a babin ƙarshe sai wata dukiyar gado ta faɗo daga sama ta share komai. Dokin ma ado ne kawai. Nawa yana nan a kan kanta, wanda ya ara ba ya daɗewa yake dawo da shi.

Na Amurka kuwa, ƙasar da aka shuka labarin a kanta tana da zafi. Yaƙi ya ƙare a 1865, an haramta bauta, manyan gonakin jihohin Kentaki da Tenesi sun faɗa cikin bashi, ga 'yan mata da yawa waɗanda samarinsu ba su dawo daga fagen daga ba. A irin wannan hali, uba ya haɗa 'yarsa da wanda ba ta sani ba don kada gida ya salwanta, ba sai marubuciya ta wahala wajen gamsar da ke ba. Kuma doki a nan hanyar neman abinci ne, ba ado ba. Goɗiya ɗaya mai asali tana iya fitar da gida daga bashi, ingarma ya karye a ƙafa kuma gida ya durƙushe.

Abin da ya fi kama ni shi ne su wa ke cikin bargar. Waɗanda suka san dawakin nan ciki da waje, masu horar da su da masu hawansu, yawancinsu baƙaƙen fata ne, da yawa an haife su cikin bauta. Wannan ba ƙagen marubuta ba ne. A gasar tseren dawaki ta Derby ta Kentaki ta farko, a 1875, mahaya 13 cikin 15 baƙaƙe ne, kuma wanda ya zo na ɗaya, Oliver Lewis, a kan doki mai suna Aristides, baƙar fata ne. Isaac Murphy ya ci gasar sau uku, a 1884 da 1890 da 1891. Duk da haka, da aka shiga shekarun 1900 sai aka ture su daga sana'ar, har Jimmy Winkfield, wanda ya ci a 1901 da 1902, ya tattara ya tafi Rasha neman inda za a bar shi ya hau doki. Ga kuma baƙi 'yan Ayalan da yunwar 1845 ta koro, fararen fata ne amma Katolika, ana ƙyamarsu ana hana su aiki. Ikilisiya ma ba ta tsira ba: Metodis sun rabu a kan bauta a 1844, Baptis a 1845. Saboda haka in amarya a cikin labarin ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta karanta cewa babu bawa babu ɗa a cikin Almasihu, da safe sai ta fita ta haɗu da mutumin da mahaifinta ya taɓa mallaka, kuma sai ta zaɓi yadda za ta gaishe shi a gaban maƙwabta. A nan ake gane ko bangaskiyarta ta baki ce.

Na ba wata mama a zumuntar mata aron nawa na Amurka. Ita kanta haɗa ta aka yi da mijinta, marigayi, ba ta taɓa zama da shi ba sai bayan biki. Ba ta jin Turanci sosai, jikarta ce ke karanta mata da dare tana fassarawa. Da ta dawo min da shi, bangon ya yage ta liƙe shi da salatif, ta kuma lanƙwasa shafin da ango da amarya suka fara cin abinci tare, kowa kansa a ƙasa, shi ya miƙa mata ruwa ita ta kasa cewa na gode. Ta ce haka aka yi da ita, kuma wata guda aka yi kafin ta iya kallon idonsa. Mun daɗe a tsakar gida tana ba ni labarin da ko 'ya'yanta ban tsammanin sun ji ba.

Sai dai ki yi hankali da masu sayarwa. Wasu hoton littafin suke ɗauka su buga, su ɗaure da bango mai sheƙi su ce na asali ne, sai kin yi nisa ki tarar babu shafi ashirin a tsakiya. Ki duba lambobin shafi kafin ki biya. Wasu kuma duk littafin da ke da mace da doki a bango sai su ce miki na Kirista ne, alhali cikinsa abin da ba za ki so yaranki su gani ba ne. Dubi sunan kamfanin da ya wallafa: Bethany House, Revell, Zondervan da Tyndale na Kirista ne. Masu cewa a tura kuɗi a WhatsApp su aiko da PDF, kada ki kula su.

In don 'yarki ƙarama kike saye, ki fara karantawa da kanki tukuna, domin irin waɗannan littattafai sukan kawo bulala da ƙona gidaje da dare, kamar yadda 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe, suka riƙa yi a Tenesi bayan yaƙin. In ta haura sha biyar, ki ba ta, ku karanta tare.