Kawu, Jirgin Kwal Yana Nan da Ransa: Ingila, Jamus, Poland da Amurka

Kawu, barka da war haka, da fatan kuna lafiya da iyali baki ɗaya. Kun tambaya ko da gaske har yau ana hura wutar kwal a kan jirgin ƙasa a ƙasashen nan, ko kuwa tsoffin hotuna ne ake yaɗawa a waya. Ana hurawa ƙwarai. Sai dai kowace ƙasa da irin riƙon da take yi masa, kuma abin da fasinja ke samu a kan kuɗinsa ya sha bamban.

Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jirgin kwal a watan Agustan 1968, ta kuma hana shi hawa babban layi har zuwa 1971. Dubban kawunan jirgi, wato injinan da ke jan taragu, aka yanka aka narkar. Yawancin waɗanda suka tsira albarkacin wani ɗan gwangwan suka ci, Dai Woodham na garin Barry a kudancin Wales. Ya sayi kawuna 297, amma da ya ga yanka taragun kaya ya fi sauƙi kuma ya fi saurin kawo kuɗi, sai ya jera kawunan a fili kusa da teku suna ta tsatsa. Zuwa 1990 masu sha'awa sun fanshi 213 daga cikinsu, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa Ingila ke da tarin kawunan da ake ji da su a yau.

Aikinsu iri biyu ne. Akwai ƙananan layuka na tarihi da 'yan sa-kai ke gudanarwa, irin na Severn Valley mai tsawon mil 16, inda doka ta tsayar da gudu a mil 25 cikin awa. Nan tikiti da sauƙi, kuma mutum zai tsaya dab da kan jirgi ya ji zafin wutar a fuskarsa. Sai kuma babban layi, inda jirgin kwal zai kutsa tsakanin jiragen lantarki masu gudun mil 125. Wannan shi ne mai wuya.

Kan da zai hau babban layi dole a ɗaura masa na'urar da ke taka birki da kanta idan direba ya ƙetare jar sigina, da akwatin da ke naɗar duk abin da direba ya taɓa, da rediyon magana da ɗakin sigina. Yawanci ana ƙara masa famfon birkin iska, domin birkinsa na asali bai dace da yawancin taragun yanzu ba. Manyan kawuna masu manyan ƙafafu an yarje musu mil 75 cikin awa, matsakaita mil 60. Na'urar birkin nan ba ado ba ce. A watan Maris na 2015, a mahaɗar Wootton Bassett, wani jirgin kwal ya ƙetare jar sigina bayan ma'aikatansa sun kashe na'urar, ya je ya tsaya a gicciye kan mahaɗa, kusan minti ɗaya bayan wucewar jirgi mai gudu cike da mutane. Allah ya kiyaye, kotu kuma ta ci tarar kamfanin.

Layin ma kansa ya canja. An gyara dakalin tashoshi, kan da silindarsa ke da faɗi zai iya gogar gefe, don haka sai an auna kowace hanya kafin a ba shi izini. A sama ga wayoyi masu ƙarfin bolt 25,000, mai zuba kwal ba shi da damar hawa bayan kan ya janyo kwal gaba. An cire yawancin faifan da ake juya kai a kansa, sai a nemi inda layuka suka haɗu kusurwa uku a juya a can.

Ruwa ya fi komai ba da wahala. Babban kai yakan sha galan 40 zuwa 50 a kowane mil, tankinsa kuwa galan 4,000 zuwa 5,000 yake ɗauka. Ke nan duk bayan mil 80 zuwa 100 sai an tsaya. Famfunan tasha na da an tumɓuke su, kwatamin da ake kamfatar ruwa daga ciki ana cikin gudu shi ma babu. Yanzu tankar mota ake aikawa ta jira a wata kwana da aka tsara, jirgi ya ratse gefe, ma'aikata su duro da gudu su ja tiyo irin na 'yan kwana-kwana su jona, kowa ido na kan agogo. Tanka ta makale a cunkoso, jirgi ya rasa gurbinsa a jadawali, sai ya bi bayan mai tsayawa kowace tasha har dare.

Tukunyar da ke mayar da ruwa tururi kuwa ita ce ran jirgin, kuma ita ce ke cinye kuɗin masu shi. A bayanta akwai akwatin wuta, na jan ƙarfe a yawancin kawunan Ingila, na baƙin ƙarfe a na Amurka. Ruwa ya kewaye shi ta sama da ta gefe, kusoshi sama da dubu suna riƙe da bangon ciki da na waje don kada matsin tururi ya lotsa shi. Daga akwatin, bututai fiye da ɗari suka ratsa ruwan zuwa gaba, zafi na bi ta cikinsu. Ba a tashin irin wannan tukunya da gaggawa. Tun ana gobe tafiya ake kunna 'yar wuta da itace da tsumma mai mai, a bar ƙarfe ya ɗumama a hankali. Wanda ya yi garaje, wani gefe ya buɗe kafin wani, kusoshi su karye, bakin bututai ya soma yoyo.

Mai zuba kwal ba jibgawa yake yi ba. Shebur shida ko takwas, a kusurwoyin baya da gefe-gefe, ya rufe ƙofa, ya dubi hayaƙi. Baƙin hayaƙi mai kauri, wanda masu ɗaukar hoto ke so, alama ce ta kwal da ke tafiya a banza don iska ta yi kaɗan. Ɗayan idonsa kuma yana kan gilashin ruwa, wani ɗan bututun gilashi kamar yatsa da ke nuna inda ruwa ya tsaya. Muddin ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wuta, ƙarfen zai yi laushi cikin 'yan mintuna. An fi shiga haɗari a kan gangara ko lokacin taka birki, domin ruwan kan kwarara gaba ya bar rufin a buɗe. Don haka ake dasa wasu matosai masu cikin darma a rufin, darma ta narke tururi ya feso cikin wuta ya yi gargaɗi. A 1995, kusa da Gettysburg a Amurka, rufin wani kai ya rufta ya ƙona ma'aikata uku, bincike ya gano dattin ruwa ya kusa toshe hanyoyin gilashin. Ruwa ya yi yawa ma matsala ce: ya bi tururi ya shiga silinda, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, sai fistin ya fasa murfin.

Saboda dattin nan ne ake kashe wuta duk bayan mako biyu zuwa huɗu na aiki, a kwance matosai, a wanke cikin tukunya da ruwa mai ƙarfi, a leƙa da fitila da madubi, a bi kusoshi da guduma ana sauraren ƙarar wanda ya karye. Babban garambawul kuma kowace ƙasa da wa'adinta. Ingila shekara goma, a ɗaga tukunya daga gangar jiki a zare bututai duka. Jamus iyakarta shekara takwas. Amurka tana ƙirga kwanakin aiki, 1,472 ko shekara 15, duk wanda ya riga cika. A ganina lissafin Amurka ya fi yi wa mai kai adalci, domin a Ingila shekarun na tafiya ko kan ya yi aiki ko yana kwance a rumfa. Kan da ake kira Flying Scotsman, da aka ƙera a Doncaster a 1923, gyaransa ya ci shekara goma da fam miliyan 4.2 kafin ya dawo a 2016. Sabon kai dungurungum, Tornado, da aka kammala a Darlington a 2008, kusan fam miliyan 3 ya ci.

Tukunyar Tornado ɗin ma ba a Ingila aka yi ta ba. Sai da aka je Meiningen a Jamus, masana'antar da ke gyaran kawuna tun 1914. Sirrin Jamus shi ne ɓangaren gabas bai ajiye jirgin kwal a babban layi ba sai 1988, shekara ashirin bayan Ingila, saboda haka maƙeran tukunya ba su yanke ba, yaro ya koya a hannun maigida. Duk da haka ba a ce aikinsu ba ya tangarɗa ba, don bayan 'yan shekaru sai da aka mayar musu da tukunyar aka gyara akwatin wutarta.

Wajen hidima ga fasinja, Jamus nake ba lamba ɗaya. A tsaunukan Harz akwai siririn layi mai faɗin mita ɗaya, tsawon kilomita 140, inda jirgin kwal ke aiki kullum, rani da hunturu, bisa jadawali. Kawunan da suka fi aiki an ƙera su a tsakiyar shekarun 1950, suna hawa har tashar Brocken mai tudun mita 1,125. Tikitin wata na Jamus yana aiki a layin, ban da hawan Brocken da ke da nasa kuɗi mai tsada. Suna kuma da wata dabara, Plandampf: masu sha'awa su haɗa kuɗi, a cire dizal daga jiragen yau da kullum na 'yan kwanaki a sa na kwal, ɗan makaranta da ma'aikaci su hau da tikitinsu na kullum. Ingila ta gwada haka a watan Fabrairun 2017, Tornado ya yi kwana uku yana jan jirgin fasinja a layin Settle zuwa Carlisle.

Mafi araha kuwa Poland ce. A garin Wolsztyn akwai loko tun 1907, daga nan kan kwal ke jan jirgin fasinja zuwa garuruwa irin su Poznan a kan kuɗin tikiti na kowa da kowa. Aibinsa ɗaya, kawunan da ke da lafiya ba su da yawa, ranar da aka shiga wankin tukunya sai ka ga dizal ya zo.

A Ingila tafiyar yini a babban layi takan haura fam 100 a kujerar talaka, mai abinci a tebur kuma ta ninka haka sau biyu ko uku. Ga shi a ƙasan takarda an rubuta cewa kamfani na da ikon sa dizal idan ta kama. Tana kuwa kamawa. Da zafi ya busar da ciyawa ake hana jirgin kwal aiki saboda tartsatsi, ko a liƙa dizal a baya ya yi turi, na gaba ya zama ɗan rakiya. Kwal ɗin ma ya zama abin nema. Ma'adinar Ffos-y-fran ta Wales, mai kwal mai zafi da ƙarancin hayaƙi, an rufe ta a ƙarshen 2023, na Rasha an hana shigo da shi tun 2022, sai na Kazakistan da Kolombiya da wani dunƙulalle da ake sarrafawa. Wanda tokarsa ke narkewa yakan daskare a kan ƙarafan murhu ya toshe iska, allurar matsi ta yi ta sauka, mai zuba kwal ya yi ta fama da dogon ƙarfe yana farfasawa. Duk da haka, a Disambar 2009 da dusar ƙanƙara ta tsayar da jiragen lantarki a yankin Kent na kudu maso gabashin Ingila, Tornado ne ya kwashi mutanen da suka maƙale a Landan ya kai su gida.

Amurka girma take sayarwa. Big Boy mai lamba 4014 na kamfanin Union Pacific, ƙirar 1941, tsawonsa ƙafa 132, guda 25 aka yi, takwas suka rage, shi kaɗai ke tafiya tun dawowarsa a 2019. An mayar da shi mai ƙona mai maimakon kwal, yana jan ƙarin tankunan ruwa, da dizal a baya don taimakon birki. A 2023 a Blair ta jihar Nebraska har ya tura wani jirgin kaya da ya kasa hawa tudu. Amma ba a cika sayar da tikitinsa ba, talaka a bakin layi yake tsayawa ya kalla kyauta.

Inda jirgin kwal ke aikin neman abinci tsantsa ya kusa ƙarewa. Sin ta ci gaba da ƙera sababbi har 1999, amma na ƙarshe a ma'adinar Sandaoling sun kashe wuta a farkon 2024. A ma'adinan kwal na kusa da Tuzla a Bosniya ne 'yan kawunan Jamus na zamanin yaƙin duniya na biyu suka daɗe suna tura taragu.

In Allah ya kawo wani daga gida yana son hawa a Ingila, Kawu, ku ce ya kauce wa tsakiyar bazararsu, Yuli da Agusta, ya nemi Afrilu, Mayu ko Oktoba. Ya duba shafin kamfanin ana gobe tafiya don ya san wane kai aka sa, ya roƙi taragon da ke kusa da gaba, ya sa tufa mai duhu da tabarau idan zai tsaya kusa da taga. A Harz kuwa ko da sanyin Janairu ya zo zai tarar da wuta a kunne.