Sharhi Kan Hoton Saifa Na Sinadarin Nukiliya

Sikanin da aka saba yi mana a Gusau, wanda ake shafa mai a ciki a goga na'ura, girman saifa da siffarta yake nunawa, ba ya faɗin ko tana aiki. Ga mai ciwon sikila wannan babban giɓi ne, domin saifarsa kan kumbura alhali ta daina tace jini, lamarin da likitoci suka bayyana tun 1969. Saboda haka ne likita ya tura ɗan ƙanwata wata cibiyar gwajin nukiliya a wajen Zamfara, ni kuma na raka shi.

Aikin kansa ya gamsar da ni ƙwarai. Ana yi wa majiyyaci allura ta jijiya mai ɗauke da sinadarin teknetiyam-99m, a jira kamar minti 20, sannan ya kwanta ƙarƙashin kyamarar gamma, wato na'urar da ke ɗaukar hoton inda sinadarin ya taru a cikin jiki. Hanta da lafiyayyiyar saifa suna kama sinadarin sai su fito sarai a hoton, amma idan saifa ta daina aiki, hanta kaɗai za a gani, gurbin saifar ya zama wayam. Babu yanka, kuma ba a hana yaron cin abinci ba. Kalmar nukiliya ta tayar wa mahaifiyarsa hankali, sai dai ma'aikaciyar ta yi mata bayani cikin natsuwa cewa ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan sa'a 6. Mai juna biyu dai dole ta sanar da su tun kafin allurar.

Inda na ga cikas shi ne jira. Daga ƙasashen waje ake shigo da tushen sinadarin, kuma ba ya ajiyuwa, don haka sai da aka ɗage mana rana, ga kuɗin mota da na masauki a kan talaka.

A ganina gwajin ya cancanci wahalarsa idan likita yana da takamaimiyar tambayar da hoton ne kaɗai zai amsa. In ba haka ba, duba ɗigon jini da madubin likita don neman alamun Howell-Jolly, wato 'yan ɗigogin da ke fitowa a cikin jajayen ƙwayoyin jini idan saifa ba ta tace shi, yana ba da haske da kuɗi kaɗan. Kada iyaye su jinkirta fenisilin, rigakafin nimoniya da kariya daga zazzaɓin cizon sauro suna jiran hoto, domin yaron da saifarsa ta raunana, zazzaɓin dare ɗaya yana iya yi masa mummunar illa.