Kaspar Hauser: Ɗan Sarauta Ne Ko Mai Ƙirƙirar Labari?

Wani ɗan'uwanmu ya tambaya ko Kaspar Hauser, yaron nan da aka tsinta a Jamus, ɗan sarauta ne da aka ɓoye, ko kuwa labarinsa shiri ne. Bari mu jera maganganun biyu kafaɗa da kafaɗa.

Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ranar 26 ga Mayu 1828 wani saurayi mai kimanin shekara 16 ya bayyana a birnin Nuremberg ɗauke da wasiƙu biyu, ba ya iya magana sosai, kuma daga baya ya ce a wani ɗaki mai duhu ya tashi, ba ya samun komai sai burodi da ruwa. Ranar 14 ga Disamba 1833 ya dawo daga wani lambu a garin Ansbach da sukar wuƙa a ƙirji, bayan kwana uku ya rasu.

Masu cewa ɗan sarauta ne suna danganta shi da jaririn da Karl, mai mulkin Baden (wata masarauta a Jamus), da matarsa Stéphanie de Beauharnais suka haifa a watan Satumba 1812, aka kuma ce ya mutu a watan Oktoba. A ganinsu musanya shi aka yi da wani jariri mara lafiya domin gadon ya koma hannun zuriyar Hochberg, wani reshe na gidan sarautar Baden, kuma lallai Leopold na wannan zuriya ya hau mulki a 1830. Babban alƙali Anselm von Feuerbach ya karkata ga wannan ra'ayi, abin da ya ba shi nauyi a idon jama'a.

Ɗaya ɓangaren ya fi dogara da takardu da jikin yaron. Wasiƙun biyu, duk da an ce ɗaya ta mahaifiyarsa ce, rubutun hannu ɗaya ne. Takardar da aka samu a lambun bayan sukar tana ɗauke da irin kurakuran rubutunsa, an kuma naɗe ta yadda ya saba naɗe wasiƙunsa, shi ya sa wasu masana ke ganin shi ya soki kansa domin jawo hankalin mutanen da suka fara gajiya da shi, wuƙar ta zarce. Ƙari a kan haka, da wuya yaron da ya girma cikin duhu tun yana ƙarami ya koyi magana da rubutu da irin saurin da shi ya koya.

Gwajin ƙwayoyin gado (DNA) ya daɗe yana rikitar da lamarin, domin na 1996 ya nuna ba shi da alaƙa da gidan Baden, na 2002 kuma ya bar ƙofa a buɗe. Binciken da aka wallafa a 2024 a kan gashinsa ya tabbatar cewa jininsa ta wajen uwa bai haɗu da na Stéphanie ba.

A nawa ganin, zancen sarauta ya faɗi. Sai dai ban yarda a tsaya a kira shi maƙaryaci kawai ba, domin yaro ne da aka yasar, wanda manyan gari suka yi ta yi wa tambayoyi har ya gane irin amsar da take sa su ci gaba da kula da shi.