Sharhi kan shirin da ya kai ni cin abincin daren Kirsimeti a gidan 'yan Danmak

A shekarata ta biyu ta karatu a Aarhus, birni na biyu mafi girma a Danmak, na yi rajista da wani shiri na 'yan sa-kai wanda ke haɗa ɗalibai baƙi da iyalan ƙasar domin su yi daren 24 ga Disamba tare. Abin da ya tura ni shi ne kaɗaicin da na sha a shekarar farko, lokacin da ɗakunan kwanan ɗalibai suka zama kamar kufai, manyan shaguna suka rufe, ga shi rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura, ta kuma faɗi kafin ƙarfe huɗu, ta yadda hasken yini gaba ɗaya bai fi awa bakwai ba. A Danmak daren 24 shi ne babban biki, ba ranar 25 ba, kuma biki ne na cikin gida, don haka wanda ba shi da dangi a ƙasar ba abin da zai gani sai hasken kyandir ta tagogin mutane.

Rajistar ba ta da wahala. Na cike fom a intanet a farkon Nuwamba 2023, na biya ɗan kuɗi kaɗan, bayan mako biyu kuma aka aiko mini da saƙo cewa an haɗa ni da wani iyali da ke wajen gari: miji da mata, 'ya'ya uku, da kakarsu ta wajen uwa. Fom ɗin ya tambayi shekaruna, da harsunan da nake ji, da abincin da jikina ba ya karɓa, sannan ya yi tambaya guda ɗaya tak kan naman alade. A lokacin na ɗauka hakan ya isa, sai daga baya na gane cewa a nan ne raunin shirin yake.

Abin da na fi yaba wa masu shirin shi ne shawarar da suka bayar cewa a fara kai ziyarar sabo kafin babban daren. Na je gidan a ranar Lahadi ta biyu cikin Lahadi huɗu da ke gaban Kirsimeti, na tarar da wani kambu na ganyen bishiya mai kyandir huɗu a kan tebur, biyu daga ciki suna ci, domin kowace Lahadi ana ƙara kunna ɗaya. A gefensa akwai wani dogon kyandir da aka rubuta wa lambobi daga 1 zuwa 24, wanda suke kira kalenderlys, ana ƙona rabon kowace rana da safe, kuma autar gidan ce ke gadinsa kada wuta ta ci lambar gobe. Uwargidan ta soya æbleskiver, wasu dunƙule-dunƙulen fulawa da ake ci da garin sukari da jam, kuma da na ga kaskon suyar mai ramuka sai dariya ta kama ni, domin ba shi da maraba da tandar masa. An haɗa da gløgg, wanda a asali jan giya ne da ake ɗumamawa da kirfa da kanumfari da busasshen inabi, amma ni da yaran an yi mana namu da ruwan tuffa. Daga nan muka zauna saƙa julehjerter, wato 'yan kwanduna masu siffar zuciya da ake yi da takarda ja da fara a rataya a bishiya. Kakar ta gaya mini cewa mafi tsufa da aka sani daga cikinsu marubucin nan H.C. Andersen ne ya yi shi wajen 1860, kuma yana ajiye a Odense, garin haihuwarsa. Nawa ya fito a karkace, amma duk da haka suka rataye shi.

A wannan ziyarar ne maganar abinci ta fito fili. Abincin daren a yawancin gidaje gasasshiyar agwagwa ce, ko gasasshen naman alade mai ƙamas-ƙamas ɗin fata da ake kira flæskesteg, wasu kuma dinya, kuma gidaje da dama suna yin biyu a tare, su haɗa romon duka su yi miya guda, wani lokaci har a ɗiga mata giya. Ke nan wanda ya rubuta a fom cewa ba ya cin naman alade zai iya zama a gaban agwagwa ya zuba mata miyar da aka yi da kitsen alade ba tare da shi ko masu gidan sun lura ba. Fom ɗin bai tambayi batun yanka ba, bai kuma tambayi batun giya a cikin girki ba. Uwargidan ce da kanta ta zaunar da ni ta yi mini tambayoyi dalla-dalla, daga baya ta tafi kasuwar Bazar Vest ta sayo agwagwa ta halal, ta gasa ta a tire daban, ta yi mata miya daban. Wannan kirkin nata ne, ba tsarin shirin ba, kuma ina ganin bai kamata a bar irin wannan al'amari ya rataya kan dacewa da mutumin kirki ba.

Ranar 24 iyalin sun je coci da rana, kamar yadda mutane da yawa ke yi har waɗanda ba sa zuwa a sauran shekara, ni kuwa na yi sallar Magariba a ɗakina kafin ƙarfe huɗu sannan na kama hanya. An zauna cin abinci wajen ƙarfe shida. Ban da agwagwar, akwai jan kabeji da aka dafa da ɗan tsami da zaƙi, da dankalin Turawa iri biyu, ɗaya dafaffe kawai, ɗayan kuma ƙanana da aka juya cikin narkakken sukari da man shanu har suka yi ruwan ƙasa. Gaskiya dankali mai zaƙi kusa da nama bai kwanta mini ba a lomar farko, kuma mai son yaji ya sani cewa ba zai ji ko ƙanshin barkono a teburin nan ba. Sai dai agwagwar, wadda aka cusa wa tuffa da busassun 'ya'yan itace a ciki, ta yi laushi da daɗi matuƙa.

Inda daren ya fi armashi shi ne wajen risalamande. Tun ranar 23 ake dafa faten shinkafa da madara, a ci wani da kirfa da man shanu, yara kuma su ajiye ɗan kwano wa nisse, ɗan ƙaramin mutumin tatsuniya mai jar hula da ake cewa yana zaune a saman rufi kuma yana yin ɓarna idan aka manta da shi. Ragowar faten ne ake haɗawa da kirim da yankakken almon, a zuba masa miyar ceri mai ɗumi. A cikin babban kwanon ana jefa ƙwayar almon guda ɗaya cikakkiya, wanda ya same ta a rabonsa shi ke da kyauta, kuma dabarar ita ce ya ɓoye ta a kumatu ya bar sauran su yi ta ƙari suna nema. Kakar ce ta same ta tun a kwanon farko, ta yi shiru tana kallonmu har muka ƙarar da komai, ni da cikina ya riga ya cika na yi ƙari biyu. Kyautar kuwa ɗan alade ne na alewar almon da sukari, wanda ba abin da ya haɗa shi da alade sai siffa.

Bayan abinci aka kunna bishiyar, kuma kyandir na gaske ne a kan rassanta, da bokitin ruwa a ajiye kusa, abin da ya sa hankalina bai kwanta ba na ɗan lokaci. An yi mata ado da jerin ƙananan tutocin ƙasar, ja da farin gicciye, al'adar da ta yi ƙarfi bayan yaƙe-yaƙen da Danmak ta yi da Jamusawa a ƙarni na 19, duk da cewa ita kanta bishiyar daga Jamus aka aro ta, kuma a 1808 aka fara kunna ta a ƙasar, a gidan wasu masu sarauta da ake kira Holsteinborg. Kowa ya kama hannun na kusa da shi suna zagaya ta suna waƙa. Maigidan ya riga ya bayyana mini cewa wasu waƙoƙin na addini ne, wasu na yara, don haka na zauna gefe lokacin na farkon, na shiga lokacin da layin ya ɓalle aka bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya da gudu, kuma ba wanda ya nuna ko alamar ɓacin rai. Da lokacin Isha'i ya yi tun da farko ma ɗakin babban ɗansu suka ba ni.

Rabon kyauta ya ɗauki kusan awa biyu, domin ɗaya bayan ɗaya ake buɗewa, kowa na kallo, mai karɓa ya yi godiya kafin a ɗauko ta gaba. Saƙon shirin ya ce baƙo ba ya buƙatar kawo komai, wanda kuskure ne a ganina. Na zo da dabino da busasshen zoɓo a leda, sai ga shi an ciro wani ƙunshi mai sunana daga ƙarƙashin bishiyar, safa ce ta ulu da kakar ta saƙa da hannunta, kuma dole na buɗe a gaban kowa ina jin nauyi. Da an gaya mini, da na naɗe nawa a takarda mai kyau, na kuma nemo wa yaran wani abu. Haka kuma ba a gargaɗe mu cewa bas na yin ƙaranci sosai a wannan daren ba, sai da maigidan, wanda ya ƙi shan giya saboda haka, ya mayar da ni da motarsa wajen ƙarfe goma sha biyu.

Duk da waɗannan giɓi zan shawarci duk ɗalibin da ke ƙasar ya shiga, da sharaɗin kada ya tsallake ziyarar farko, ya kuma yi maganar miya da yanka da hanyar komawa da bakinsa. Shirin bai yi alkawarin komai bayan wannan daren ba, amma iyalin sun sake gayyata ta ranar 31 ga Disamba, inda aka taru gaban talabijin da ƙarfe shida don jin jawabin sabuwar shekara, kamar yadda ake yi kowace shekara kafin a hau kujeru a diro cikin sabuwar shekara da tsakar dare. A wannan jawabin ne Sarauniya Margrethe ta Biyu ta sanar cewa za ta sauka daga karaga ranar 14 ga Janairu 2024, bayan shekara 52 tana mulki. Ɗakin ya yi tsit, kakar ta rufe baki da tafin hannu, sai autar gidan ce ta juyo ta fassara mini abin da aka ce.