Rose Bowl: jiya masauƙi, yau zango

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙwallon jami'o'in Amurka, mai kama da zari-rugan nan, ta kashe wasannin bowl, wato manyan wasannin gayyata na ƙarshen kaka. Mu ɗauki kakansu, Rose Bowl, mu jera jiya da yau.

A da, nan tafiya take ƙarewa. An fara shi a 1902 a Pasadena da ke Kalifoniya, daga 1947 kuma aka ƙulla cewa zakaran Big Ten, rukunin jami'o'in yankin sanyi na tsakiyar ƙasar, zai baro ƙanƙara ya zo ya kara da zakaran gaɓar yamma, rukunin da ya zama Pac-12. Ranar 1 ga Janairu da safe a yi jerin gwanon motoci lulluɓe da furanni, ƙarfe biyu a take wasa, kafin a tashi faɗuwar rana ta rina duwatsun San Gabriel. In ranar ta faɗo Lahadi, a ɗaga zuwa Litinin. Aibinsa ɗaya ne, babba kuwa: gwanaye biyu kan gama shekara ba su haɗu ba, sai ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa ta raba gardamar wane ne zakaran ƙasa. A 1997 ma ta kasa, Michigan da Nebraska kowa ya tafi da kambunsa.

Yanzu fa? An fara gasar sili-ɗaya-ƙwale da ƙungiyoyi 4 a 2014, suka koma 12 a 2024. Wasannin bowl na Rose, Sugar, Orange, Cotton, Fiesta da Peach su ke karɓar zagayen kusa da na ƙarshe da wanda ake yi kafin shi. Fili na nan, furanni na nan, amma wanda ya ci ba ya zama biki, wani wasan na jiransa. A Rose Bowl na Janairun 2025 Ohio State ta doke Oregon 41 da 21, dukansu 'yan Big Ten. Wannan kam ba laifin gasar ba ne, kuɗin talabijin ne ya wargaza Pac-12, Oregon ta koma Big Ten.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wasan da ba ya cikin gasar. A Disambar 2023 an bar Florida State a waje duk da ta ci wasanninta 13, manyan 'yan wasanta suka ƙi buga Orange Bowl, wanda a shekarar ba ya cikin gasar, Georgia ta lallasa ta 63 da 3.

Ni dai wajen fitar da gwani ina bayan sabon tsari. Abin da ban yafe ba, a 2026 an jawo lokacin take Rose Bowl daga ƙarfe biyu zuwa ƙarfe ɗaya don jadawalin talabijin ya zauna daidai.