Farmasin unguwarmu a Tawa: sun tambaye ni kafin su sayar mini

Ciwon haƙori ne ya kai ni wannan farmasi, ran wata Talata bayan magariba, ina da cikin wata 7. Kwana biyu ban runtsa ba. Na shiga da zumbulelen hijabina, na ce a ba ni diclofenac, wanda maƙwabciyata ta ce yana kashe ciwo nan take. Yarinyar da ke bayan kanta har ta miƙa hannu za ta ɗauko, sai ta tsaya, ta matso kusa, ta sassauta murya yadda mazan da ke layi ba za su ji ba: "Yaya, ki yi haƙuri, ko kina da juna biyu?"

Cikin fari ne, kun kuwa san kunyarmu. Da da ƙarfi ta tambaya, wallahi da na ce a'a. Kai kawai na gyaɗa mata.

Ta kira babbar mai farmasin, wadda ta ja ni gefe ta zaunar da ni. Ta ce diclofenac da ibuprofen dangi ɗaya ne, kuma daga wata na 6 ba a shan su ko ƙwaya ɗaya, domin suna iya taɓa ƙodar jinjiri, su rage ruwan da yake kwance a ciki, su kuma toshe wata jijiya ta kusa da zuciyarsa tun lokacinta bai yi ba. Jikina ya yi sanyi, don sau nawa na ga mata na sayen su a faranti wajen masu yawo da magani cikin rana. Ta ɗauko wani kwali ta nuna mini hoton mace mai ciki cikin jan da'ira an ja mata layi. Ta ce tun 2017 ake sa shi a kwalayen maganin Faransa, amma wanda ake yanko maka ƙwaya huɗu ba kwali, ina za ka ga hoto?

Parasetamol ta ba ni, ta rubuta a bayan kwalin kada in wuce giram 3 a yini, ta ce gobe in je wurin likitan haƙori. Na nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta hana sai da takardar likita, ta ce akwai irinsu doxycycline masu ɓata haƙoran yaro tun yana ciki. Har katin awona ta karɓa ta duba ko na sha Fansidar ɗin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta ga sau 2, ta ce kada in bari na 3 ya wuce ni. Daga bakinta na fara jin cewa shayi yana hana maganin ƙarin jini shiga jiki sosai, ni kuwa da shi nake haɗiye shi kowace safiya.

Inda suka gaza shi ne wurin zama. Benci ɗaya ne tak, na yi kusan rabin awa a tsaye kafin layi ya zo kaina, ƙafafuna a kumbure, ba wanda ya tashi mini. Kuɗinsu ma ya fi na bakin titi nesa ba kusa ba, shi ya sa mata da yawa ba sa zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Ni dai ƙanwata da ta samu ciki bana, da kaina na raka ta can, da katin awonta a hannu.