Fitilu ko rikoda: wanne zai kashe yashi-yashin koren ƙyalle?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya me za ka saya don maganin yashi-yashin da ke ɓata gefen mutum in ka ɗauke shi a gaban koren ƙyalle, ka zo cire koren a kwamfuta don sa wani waje a bayansa. Tunda kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, ko ƙarin fitilu ko rikodar nan da ake ɗaura wa kyamara ta riƙa naɗar hoton a wajenta, to sayi fitilu. Duka biyun na taɓa biya da kuɗina.

Kafin ka je kasuwa, buɗe hoton nan da gefen gashi ke ɓarɓaɗi, ka duba launukansa ɗaya bayan ɗaya. A manhajar haɗa hoto ta After Effects ka danna Alt da 1 ka ga ja, Alt da 2 kore, Alt da 3 shuɗi. Koren za ka tarar da shi sumul, jan da dama-dama, shuɗin kuwa kamar an watsa masa yashi. Haka idon kyamara yake: cikin kowane ɗigo huɗu, biyu na kore ne, ɗaya na ja, ɗaya na shuɗi, kuma shuɗin ya fi kowa jin yunwar haske. In da fitilun nan masu ja-ja na 3200K (ma'aunin launin haske ke nan) kuka yi aiki, abin ya ƙara muni, don shuɗin da ke cikin haskensu kaɗan ne, dole kyamara ta ƙara masa ƙarfi, ta ƙara da dattinsa. Shi kuma Keylight, mai cire koren a cikin After Effects, yana auna koren ne da ja da shuɗi kafin ya yanke. Duk rawar da shuɗi ya yi, gefen ɗan wasanka zai yi ta.

Shekarun baya mun ɗauki wani tallan makaranta a wani ɗan ɗaki a Zoo Road. Fitila biyu gare mu, su ke haska yarinyar, su ke haska ƙyallen, ISO, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa haske, ya kai 1600. Mayafinta fari ne mai shara-shara. Kwana uku ina kansa, in na matse yankan mayafin ya cinye, in na sassauta koren ya dawo yana tsalle. Daga ƙarshe na roƙi mai aikin a sake ɗauka. Na haɗa abin da nake da shi na sayo fitilu masu faɗi guda biyu na 5600K, masu haske irin na rana, na ba ƙyallen su shi kaɗai, ɗaya dama ɗaya hagu, tsofaffin biyun kuma muka matso da su kusa da yarinyar, muka janye ta kamar mita biyu da rabi daga ƙyallen. ISO ya sauko 400. Wallahi da na ɗora Keylight na taɓa koren sau ɗaya, har zaren bakin mayafin ya fito. Mahaifinta da ya gani sai da ya tambaya yaushe muka kai ta ɗakin karatun da ke bayanta. Fitilun nan har yau suna aiki, har biki ina zuwa da su.

Rikoda kuwa, ba zan ce ba ta da amfani ba. Tana ba ka 4:2:2, wato bayanin launi mai yawa, a maimakon 4:2:0 da ƙananan kyamarori da yawa ke ajiyewa a kati, gefe yakan ɗan fi kaifi. Amma dattin daga idon kyamara yake fitowa, ita dai ta adana maka shi da kyau, ta cika maka faifai. Kuma tawa kyamarar 8-bit take fitarwa ta wayar HDMI da ke kai hoto ga rikoda, launi mataki 256, don haka rubuta 10-bit a jikin fayil bai mayar da shi 1024 ba. Bayan wata biyar na sayar da rikodar da asara.

Hoton da ka riga ka ɗauka kuma bai lalace ba. Yi masa kwafi biyu. Ɗaya ka wanke shi da Neat Video, manhajar rage dattin hoto, ko da mai rage datti na DaVinci Resolve Studio (na kyautan ba shi da shi), ka fi ba da ƙarfi wajen wanke launi, ka bar na haske kaɗan. Daga wankakken za ka ciro yankan, sannan ka ɗora shi a kan na asalin. Ta haka gefe zai tsaya cak, fuska kuma ba za ta koma kamar ta roba ba. In kwamfutarka ba za ta ɗauka ba, ɗaga Screen Pre-blur da ke cikin Keylight zuwa 1 ko 2, kar ka wuce haka, gashi zai tafi.

Sai ka yi hattara da masu sayar da fitila. Akwai wanda ya sayar mini da wata an rubuta CRI 95 a kwali, wato wai tana fitar da launin abu yadda yake, da na kunna sai fatar mutum ta koma kore-kore, kuma ka san abin da hakan ke nufi a gaban koren ƙyalle: kumatunsa ma sai sun ɓule. Ya ƙi karɓar kayansa. Ka je shagon da kyamararka, a kunna a gabanka, ka sa shota, wato saurin ɗaukar kyamara, a 1/50 tunda wutarmu 50Hz ce, ka rage hasken fitilar zuwa ƙasa ka ga ko layi na yawo a hoto. Ka haska bayan hannunka ka duba launinsa. Wanda ya hana ka gwadawa, fita ka bar masa. Haka masu tura maka Neat Video a filasha kan kuɗi kaɗan, na sata ne, na san editan da ya rasa aikin wata guda saboda cutar kwamfuta da ta biyo irinsa.

Guda biyu iri ɗaya za ka saya, kamfani ɗaya, don launinsu ya zo daidai. In canji ya rage, ka shiga Kantin Kwari ka yanko koren ƙyalle mai kauri marar sheƙi, ka goge shi kafin ka rataya.